Ranar da Baba Talatu Ta Ɗauke Tsaninta

Ba zan taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na wuni a saman gidanmu ba, cikin sabuwar babbar riga, ina ta atishawa, shugabata ta wajen aiki kuma tana tsaye a ƙasa ta ɗaga kai tana kallona. Ko da ma na so in manta, mutanen lungunmu ba za su bari ba. Har yau in na zo wucewa ta gaban majalisa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yau a ƙasa za a wuni?"

Bari in fara da faɗin gaskiya: ni ba injiniya ba ne. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗakina sai na yi bismillah sau uku kafin in taɓa shi. Amma tunda na samu aiki a wani ofishi da ke tsara harkar wutar lantarki, mutanen unguwa suka liƙa min Injiniya, ni kuma ban taɓa yin gardama ba. (Sunan yana da daɗi, musamman in an kira ka da shi a gaban 'yan mata.) Aikinmu shi ne mu zauna gaban kwamfuta mu tsara yadda ƙasa irin tamu za ta samu wuta mai araha, wadda talaka zai iya ja, ba tare da an ci gaba da turnuƙe sama da hayaƙin janareta ba. Babban burin shi ne wata rana hayaƙin da muke fitarwa kada ya wuce wanda itatuwa za su iya shanyewa. A ofis "hanyar zuwa sifili" muke ce wa wannan tsari, kuma na riƙa faɗin maganar nan ko'ina, har a teburin mai shayi, har sai da mai shayin ya roƙe ni in bar masa kwastomomi su karya cikin kwanciyar hankali.

Wata rana shugabarmu, Dakta Hajara, ta tara mu ta ce an samu damar yin gwaji guda ɗaya tak a cikin birni. Za a zaɓi unguwa ɗaya, a jera faifan sola a rufin gidaje, a haɗa su da manyan batura a ɗaki guda, kowane gida ya ja abin da zai ishe shi fitila da fanka da firiji. Ta ce kowa ya kawo wurin da yake ganin ya dace. Wani abokin aikina ya kawo layin shaguna a wajen Ƙofar Ruwa. Ni kuwa na kawo lungunmu, can ciki ta Ƙofar Nassarawa, inda mota ba ta shiga, inda in babura biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya, inda kuma muke yin kwana uku ba mu ga ƙyallin wuta ba.

Yadda na yi aikin shi ne abin da nake so ku riƙe. Ban taka ko'ina ba. Na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta, na hango lungunmu daga sama, rufi bayan rufi, wasu na ƙasa irin na da, wasu an zuba musu kankare, duk shimfiɗaɗɗu, babu ko tsinke a kansu. Na ƙirga guda arba'in da biyu, na shafa musu launin shuɗi, na rubuta a rahotona da manyan baƙaƙe: "Fili ne da babu mai amfani da shi." Ni na rubuta jimlar nan da hannuna, ni da aka yanke wa cibiya a lungun.

Daga nan kaina ya kumbura. Tun kafin Dakta ta karanta rahoton na je majalisa na ce magana ta ƙare, sa hannu kawai ya rage. Na je gaban Mai Unguwa na durƙusa na faɗa masa haka, shi kuma ya sa aka sanar a masallaci, aka yi min addu'a da sunana da na mahaifina. Amma duk cikin masu murna babu kamar Baba Talatu. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, katangarmu ɗaya, kuma da zoɓo da kunun aya take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Tana da wani babban firiji da rashin wuta ya mai da shi ma'ajiyar kwanuka. Kullum sai an sayo mata ƙanƙara daga bakin titi, kafin azahar ta narke, zoɓon ya yi ɗumi, masu saye su wuce gaba. Da ta ji labari sai ta tare ni a ƙofar gida, ta kama hannuna da hannu biyu.

"Injiniya ɗan albarka," in ji ta, "in dai firijin nan ya tashi kafin in mutu, na yafe maka duk ƙwallon da ka taɓa bugo min cikin tukunya."

Na ce, "Baba, ki ɗauka ya tashi."

Daga ranar kullum sai ta aiko min da zoɓo kyauta. Ni kuma ina sha, ko kunya babu.

Don a ga da gaske nake, na roƙi ofis suka ba ni aron faifai huɗu da batir, aka zo aka kafa su a saman gidanmu a matsayin samfuri. Ranar da mai haɗawa ya zo ina wajen aiki, don haka ban ga yadda ya jera su ba, na dai dawo na tarar da fanka tana juyawa. Makon farko abin gwanin sha'awa. Maƙwabta suka riƙa kawo cajin waya, ina zaune a soro, wato zauren da muke karɓar baƙi, ina karɓa ina jonawa ina yi musu bayanin da ba su tambaya ba.

A mako na biyu abu ya fara lalacewa. Akwai manhaja a wayata da ke nuna min yawan wutar da faifan ke kawowa. Sai na ga da sassafe tana tashi lafiya, da hantsi ya yi sai ta faɗi warwas, ba za ta farfaɗo ba sai bayan la'asar, lokacin da ranar ma ta gama abin da za ta yi. Wato daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, lokacin ne solata ke barci. Na zargi batir, na zargi mai haɗawa, na kira shi na yi masa faɗa a waya. Daga ƙarshe na je wajen mahaifiyata.

"Umma, ko kina jona dutsen guga in na fita?"

Ta ce, "Ni da gawayi nake guga tun kafin a haife ka."

"To ko wani abu ya canja a gidan nan cikin kwanakin nan?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Babu abin da ya canja, sai dai tumatir da ya yi araha."

Na yi murmushi irin na masu ilimi, na ce a raina tsofaffi da kimiyya sai haƙuri. Akwai kuma wani tsani na katako da na riƙa gani a jingine a tsakar gidanmu a kwanakin. Na Baba Talatu ne, na san shi tun ina yaro. Sau biyu ina tuntuɓe da shi, amma ban taɓa tambayar abin da ya kawo shi gidanmu ba.

Maimakon in hau in duba, sai na koma kwamfuta. Na taɓa karanta cewa in zafi ya yi yawa faifan sola yakan rage ƙarfi kaɗan. Sai na yanke hukuncin cewa zafin Kano ba irin na ko'ina ba ne, shi ba kaɗan yake ragewa ba, kashe faifan yake yi ɗungurungum. Na zana jadawali masu launi har guda shida. Na fara rubuta takarda a kan abin da na gano, har ina hango kaina a wani babban taro a ƙasar waje, sanye da kwat, ana tafa min. (Na ma tsara yadda zan ɗaga hannu in ce su dakata da tafin.)

Ranar Alhamis ɗin Dakta Hajara ta zo ganin wuri da idonta kafin ta yanke hukunci. Ta taho da mai ɗaukar hoton ofishinmu, Malam Bala, mutum mai tumbi da haƙuri, rataye da kamara mai dogon baki. Suka bar mota a bakin titi suka tako. Na sa an share soro, an shimfiɗa tabarmi, an sa wa Mai Unguwa darduma, dattawan lungu sun jeru. Ni kuma na sha shadda fara ƙal, babbar riga da hula, ina ƙamshi. Na jona majigi da fanka a jikin sola, na haska taswirata a bango, na fara zuba.

Na yi maganar hayaƙi, na yi maganar ɗumamar duniya, na bi hanyar zuwa sifili tun daga farkonta har ƙarshe. Wani dattijo ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗi. Can Mai Unguwa ya yi gyaran murya.

"Injiniya, duk mun ji, Allah ya ƙara basira. Amma mu a taƙaice, fanka za ta juya?"

Na nuna fankar da hannun riga, na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan tana juyawa. Kuma muddin akwai rana a sama, wannan fankar ba za ta tsaya ba."

Wallahi ban rufe baki ba ta fara rage gudu. Muna kallonta, ni da dattawa da Dakta, tana juyawa a hankali, a hankali, har ana iya ƙirga fukafukanta, sannan ta tsaya cak. Na'urar batir ta yi ƙara sau uku. Majigin ya mutu, kuma abu na ƙarshe da ya haska a bango shi ne jimlar nan tawa mai manyan baƙaƙe.

Dakta ta duba agogonta. "Sha ɗaya da rabi na rana. Yaya aka yi batir ya ƙare?"

Nan na ga dama ta samu. Na gyara tsayuwa na fara bayanin abin da na gano game da zafin Kano, har ina laluben jadawalina. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta sauke tabarau ta kalle ni ta samansa.

"Yaushe rabonka da ka hau ka duba faifan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai manhaja tana nuna komai."

"Ba ita na tambaya ba. Kai na tambaya."

Ta ce, "To a hau a gani. Malam Bala, bi shi ka ɗauko mana hoto."

Da yake Malam Bala baƙo ne, ba zai shiga cikin gida ba, sai na faɗa tsakar gida da sauri na sungumo tsanin nan, na fito da shi lungu na jingina a bangon soro. Na tattare babbar riga na fara hawa, Malam Bala yana bina yana nishi. Na ji Mai Unguwa yana cewa, "Kai Injiniya, dakata, ai ba ka..." Na ɗauka rigata yake tausaya wa. Ko waiwaye ban yi ba na ce, "Ba komai ranka ya daɗe, na saba."

To, duk wanda ya tashi a cikin birni ya san namiji baligi ba ya hawa saman gida haka kawai. Gidajenmu a manne suke da juna, in ka hau rufi ɗaya tsakar gida biyar kake gani, kuma tsakar gida wurin mata ne, nan suke sakewa. Sai an tsaya a ƙasa an ɗaga murya sau uku, "Salamu alaikum, za a hau sama!" a ba mata lokaci su kimtsa. Mai yaɓe ya san wannan, mai gyaran indararo ya sani. Mutumin da ya kafa min sola ma, wanda ba ɗan garin nan ba ne, ashe sai da ya yi shelar kafin ya hau. Ni da na yi shekara talatin ina jin ta, ranar nan ko a raina ba ta zo ba, saboda hankalina yana kan yadda zan wanke kaina a gaban Dakta.

Ina ɗora ƙafa a rufin na ga abin da ya kashe min wuta. Faifan nan huɗu an kwantar da su kusan a shimfiɗe, kuma babu inda gilashi yake leƙowa. Biyu an jere su da tumatir, an tsaga kowanne biyu an kifa shi ido sama, layi-layi, tsaf. Na uku barkono ne ja wur. Na huɗu kuɓewa ce yankakkiya. Aikin Umma ne, ko daga nesa na san jerinta. Matar da in aka ce ta je asibiti sai ta ce gwiwa ba za ta kai ta bakin titi ba, ashe kullum ina fita take hawa tsani.

Na ɗaga kai na dubi sauran rufin lungu, guda arba'in da biyun nan da na shafa wa shuɗi. Ko'ina ja ne da kore. Nan shanyar tumatir, can kuka da daddawa, can wanki a kan igiya, can ɗakin tattabaru, can tabarmi da gidan sauro na masu kwana a sama saboda zafi. Ko wurin ajiye faranti babu. (Daga baya na duba, ashe hoton tauraron da na yi aiki da shi da damina aka ɗauke shi, lokacin da babu mai shanya komai.)

Ban gama haɗiye wannan ba na ji ihu daga ƙasa ta hannun hagu.

"Wayyo Allah, maza a sama! Ga ƙato da kamara!"

Tsakar gidan Baba Talatu ce, cike da mata. Jikarta za a aurar ranar Asabar, kuma ranar Alhamis ɗin nan ce ake sa lalle. Na san da bikin, har katin gayyata yana aljihuna. Mata sun fi ashirin, kai babu ɗankwali, wasu an yi musu rabin kitso, kuma kusan kowacce ƙafafunta da hannayenta suna ɗaure cikin leda an cusa lalle. Mai lalle a ƙafa kuwa ba ta gudu. Wata ta tashi tana tsalle da dugadugai, wata ta kama rarrafe da gwiwar hannu, wata ta rasa abin rufe kai ta kifa murfin tukunya. Amarya kuma aka naɗe ta da tabarma gaba ɗaya, ƙafafunta kawai ke waje. Malam Bala, da hannunsa ya riga ya saba, kamararsa tana manne a fuska. (Har gobe yana rantsuwa tumatir yake ɗauka, kuma na yarda da shi.)

Na ce, "Ku yi haƙuri! Aikin gwamnati ne!" Ban san inda na samo wannan maganar ba, don ba aikin gwamnati ba ne. Amsar da na samu ita ce takalmin roba da ya wuce ta gefen kunnena.

Ba a jima ba Baba Talatu ta fito lungu da mayafinta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, ko sama ba ta kalla ba. Ta gaishe da Mai Unguwa cikin ladabi, sannan ta dafa tsanin.

"Mai Unguwa, wannan tsanin nawa ne ko ba nawa ba ne?"

Ya ce, "Naki ne, Baba."

"To na ɗauki kayana."

Ta kwantar da shi, ta kama kai ɗaya ta fara ja ƙiiii. Na leƙo na ce, "Baba, don girman Allah, mantuwa ce!" Sai a lokacin ta ɗaga kai.

"Ai ban ce da gangan ka yi ba, ɗan albarka. Amma in aka ɗaga yarinyar nan yanzu lallenta ya ɓaci, kuma ba zan kai jikata ɗakin miji da dabbare-dabbare a ƙafa ba. In na bar muku tsani, wani mai mantuwar zai hau. Ku zauna nan, in lalle ya kama a sauko da ku."

Ta shige da tsaninta. Lungunmu akwai tsani a gida uku ko huɗu, amma babu wanda ya isa ya fito da nasa bayan Baba Talatu ta yi magana. Na auna tsalle, na ga in na dira sai dai a kwashe ni. Mai Unguwa ya yanke hukunci daga ƙasa: mu zauna, mu juya wa gidan biki baya, mu sunkuyar da kai, kada wanda ya waiwaya. Aka cillo mana igiyar guga, Malam Bala ya ɗaura kamararsa ya zura ta ƙasa, Dakta ta karɓa ta ce za ta shiga da ita wajen matan su duba da idonsu.

Haka muka zauna, rana tsaka, a bazarar Kano. Iska in ta kaɗo sai ta biyo ta kan barkono, mu kama atishawa bi da bi, hawaye na zuba. Shaddata fara ta fara komawa ruwan ƙasa. Kafin azahar labari ya zaga, lungu ya cika da 'yan kallo, har mai rake ya zo ya kafa baronsa. Da aka kira salla aka ɗauro mana buta a igiya, muka yi alwala muka yi jam'i mu biyu tsakanin kuɓewa da tumatir. Bayan mun sallame Malam Bala ya share gumi ya dube ni.

"Injiniya, shekara ashirin ina ɗaukar hoto. An kore ni a wurare, an taɓa ƙwace min kamara. Amma ba a taɓa shanya ni ba sai yau."

Ana haka sai na ji muryar Umma daga tsakar gidanmu. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, amma muryarta tana kaiwa bakin titi.

"Kai! Kai wannan! Kana jina?"

Na ce, "Na'am, Umma," ina tsammanin za ta ce ta samo tsani.

"Tunda Allah ya kai ka, juya min tumatirin nan, na gefen katanga bai sha rana ba. Kuma kada ka taka min kuɓewa!"

Lungu ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har da dattawa. A daidai lokacin Dakta ta leƙo daga gidan biki don ta ce mana ba a ga hoton kowa a kamara ba, sai ta tsaya ta ɗaga kai tana kallo. In kuna son sani, e, na juya. Na naɗe hannun babbar riga na durƙusa na bi tumatir ɗaya bayan ɗaya, Malam Bala ma ya taya ni don zaman ya ishe shi.

Dakta ta koma ciki, ta yi kusan awa uku. Muna jiyo shewa da dariya, kuma ko ba a faɗa min ba na san da wa ake yi. Sai bayan la'asar aka fito da tsani, Baba Talatu tana riƙe da shi. Na taso da rawar jiki, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Sallamar da ka ci ɗazu, sai ka rama ta tukuna."

Na ce, "Baba, ai na riga na hau."

"Wanda salla ta wuce shi ba ya ramawa? Sau uku, kuma da ƙarfi, mata su ji."

Na dubi Mai Unguwa neman ceto, ya kau da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa. Haka na miƙe tsaye a saman gidanmu, bayan awa huɗu da hawa, fuska jawur, hula a karkace, na buɗe murya: "Salamu alaikum, za a hau sama!" Sau uku. A na ukun matan gidan biki suka amsa baki ɗaya, "A hau lafiya, Injiniya!" suka rangaɗa guɗa.

Da na sauko na tarar da Dakta da jan lalle a tafin hannu da littafinta cike da rubutu. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Rufi arba'in da biyu ka ba ni. Na tambayi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ko guda babu wanda ba shi da aiki. A nan suke busar da miyar shekara. Kana so mu ba su fanka mu karɓe musu miya?" Bayan mako guda aka ba layin Ƙofar Ruwa gwajin, saboda su rufin kwano ne na shaguna, babu mai shanya a kai. Namu aka ce a sake tsari tun daga tushe, a zauna da mata, sai in wata damar ta zo.

Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar zuwa gaban Baba Talatu. Na je na durƙusa a soronta na ba ta haƙurin hawa ba sallama. Ta ce wannan ya wuce, lalle ma ya kama da kyau. Sannan ta ce a hankali, "Firijin fa, ɗan albarka?" A nan ne na ji kunya ta gaske, irin wadda babu dariya a cikinta, don na san zoɓonta nawa na sha a kan alkawarin da ban taka ƙasa na auna ba.

Na roƙi Dakta ta bar mana faifan nan huɗu, ta yarda. Na kira mai walda ya yi wa uku dogayen ƙafafu ya karkata su yadda ko ƙwayar barkono ba za ta zauna ba, aka ja waya ta kan katanga zuwa firijin Baba Talatu. Ya tashi, kuma yana yin ƙanƙara. Na huɗun kuwa Umma ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sake shi ba, don tunda take ba ta taɓa samun wurin shanya mai zafi da tsabta irinsa ba, babu yashi babu kashin kaji. Aka cire masa waya aka bar mata. Ni da na kawo sola lungu, na koma fifita da mafici.

Na gwada yi mata bayani sau ɗaya. Na ce, "Umma, wannan abin fa ba don tumatir aka ƙera shi ba."

Ta ce, "Da me yake aiki?"

"Da rana."

"Tumatir fa, da me yake bushewa?"

"Da rana."

"To rana ɗaya ce. Kai bana ka san da ita. Ni tun ina amarya nake aiki da ita a saman nan. Wa ya riga wani?"

Tun daga lokacin, duk sanda na ga wuri fayau a taswira, hannuna yana ƙaiƙayin ya shafa masa shuɗi, sai in rufe kwamfutar, in sa takalmi, in je in yi sallama in tambayi ko na wane ne. Yawanci kafin in gama tambayar wata tsohuwa ta leƙo ta ce nata ne.